Tsakar Gida da Dabbobinta a Allon Katako: Tarihin Hotunan Ɗab'i na Ƙasar Japan

A shekarar 1804, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, hukuma a birnin Edo na ƙasar Japan ta kama wani mai zane, Kitagawa Utamaro. Laifinsa shi ne ya fitar da hoton Toyotomi Hideyoshi, wani shugaban mayaƙa da ya mutu tun 1598, yana holewa a tsakiyar matansa, alhali doka ta hana a saka irin waɗannan manya a hoton sayarwa. Aka ɗaura masa ankwa kwana 50. Bayan shekara biyu, a 1806, ya mutu.

Amma ba hoton manya ne ya sa ake ambaton Utamaro har yau ba. Mata ya fi zanawa, wasu 'yan kwalisa na unguwar shaƙatawa, wasu kuma matan aure a bakin aikinsu: wannan tana hura wuta, waccan tana gwada yadi, wata tana ba jariri nono, ga yaro a gefe yana tsokanar kyanwa. Shi da takwarorinsa sun shafe kimanin shekara 200 suna zana rayuwar yau da kullum, ana sassaƙa ta a allon katako, ana bugawa a takarda, ana sayarwa a kan kuɗin kwanon taliya. Mutanen Japan suna kiran waɗannan hotuna ukiyo-e.

Na ga ya dace mutumin Bebeji da Kiru, da na Tudun Wada da Doguwa, ya san wannan labari, domin tarihin da aka saba rubutawa ko'ina na fada ne: wane ya hau, wane ya ci yaƙi, wane aka tuɓe. Japan ta yi dacen samun kundi na biyu, na madafa da ɗaki da dabbar gida. Ba sarki ne ya sa aka yi shi ba. Talakawa ne suka biya da kuɗinsu.

Birnin da ya haifi sana'ar

A 1603 Tokugawa Ieyasu ya zama shogun, wato shugaban mayaƙa mai riƙe da ragamar mulki, shi kuwa sarkin gargajiya yana zaune a Kiyoto da daraja amma ba iko. Ieyasu ya kafa mazauninsa a Edo, garin da yau ake kira Tokiyo, gidansa kuma ya mulki ƙasar fiye da shekara 250 cikin kwanciyar hankali. A 1635 aka wajabta wa hakiman larduna su riƙa yin shekara guda a Edo, shekara guda a ƙasarsu, iyalansu kuwa su zauna a birnin dindindin. A cikin waɗannan shekaru ne aka rufe ƙasar. Ɗan Japan ba ya fita, Bature ba ya shigowa sai 'yan Holan, su ma a killace a ɗan tsibirin Dejima na Nagasaki tun 1641.

Hakimai da dubban barorinsu suna buƙatar shinkafa da tufa da gawayi da kifi, sai 'yan kasuwa da masu sana'a suka yi ta kwararowa. A ƙarni na 18 mutanen Edo sun kai kimanin miliyan ɗaya, tana cikin birane mafiya girma a duniya. A tsarin daraja ɗan kasuwa ne na ƙarshe, bayan mayaƙi da manomi da mai sana'ar hannu, har irin tufar da zai sa doka ta ƙayyade masa. Amma kuɗi na hannunsa, 'ya'yansa kuma suna karatu a ƙananan makarantun unguwa. Zanen hannu a kan alharini ya fi ƙarfin aljihun mai tireda da kafinta. Abin da suke so shi ne hoton da za su iya saye, wanda kuma za su ga irinsu a ciki.

Ɗab'i da katako ba baƙo ba ne a Japan. Daga ƙasar Sin ya zo, kuma tun wajen shekarar 770 aka buga addu'o'in addinin Buddha da umarnin Sarauniya Shotoku. Sai dai ya daɗe a hannun gidajen ibada. A shekarun 1670 ne Hishikawa Moronobu, ɗan wani mai surfanin tufafi, ya shahara da zanen littattafai da kuma hotunan da ake sayarwa falle-falle. Da baƙar tawada kaɗai ake bugawa, mai son launi sai a shafa masa da hannu. A shekarun 1740 aka fara buga launi biyu, ja-ja da kore. A 1765 aka kai ga buga launuka masu yawa a falle ɗaya, wanda sunansa ya fi fita a wannan sabon salo kuwa shi ne Suzuki Harunobu.

Hannu huɗu a takarda ɗaya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka wannan sana'a take. Mutum huɗu ne ke haɗuwa kafin hoto ya fito. Na farko mai jari, wanda ke da shago, shi ke hasashen abin da kasuwa za ta karɓa, shi ke biyan kowa, allunan ma nasa ne. Na biyu mai zane, wanda zai zana abin da baƙar tawada a takarda marar kauri. Daga 1790 sai an kai wannan zane an duba an buga masa hatimin amincewa kafin a ci gaba.

Na uku masassaƙi. Zai kifa zanen a kan allon itacen ceri, itace mai tauri da santsi, ya manne shi da ƙullun shinkafa, ya murje bayan takardar har layukan su bayyana. Sai ya bi su da wuƙa da kurfi, ya ƙwaƙule duk inda babu layi. Da haka zanen asali yake salwanta, allo ya gaje shi. Fuska da gashin kai sai gwanin gwanaye, domin akwai hoton da za ka ga silin gashi ɗaya-ɗaya a goshin mace, kowane sili kuwa tudu ne na katako da aka bari a tsaye. Kowane launi da allonsa, wani hoton ya ci goma ko fiye. Don kada launi ya zame daga gurbinsa, ana sassaƙa alama biyu a bakin kowane allo, ɗaya a kusurwa ɗaya a gefe, inda za a riƙa jingina takardar.

Na huɗu mai bugu. Ba shi da inji. Zai shafa launin ruwa da ɗan ƙullun shinkafa a kan allo da buroshi, ya ɗora takarda mai ɗan danshi wadda aka yi da ɓawon itace, ya murza bayanta da baren, wani abu kamar ƙaramin faifai da aka naɗe da ganyen gora. Falle ɗaya sai ya bi ta kowane allo, kuma akan buga kimanin 200 a zubin farko, in kasuwa ta karɓa a ƙara. Suna da dabarar danna takarda a allo ba tare da launi ba, sai gashin farar kyanwa ko fuka-fukin zalɓe ya taso, ana iya shafa shi da yatsa. Sunan mai zane da tambarin mai jari ne ke fitowa a hoton. Masassaƙi da mai bugu, waɗanda bayansu ya ƙage a kan aikin, da wuya a ambace su.

Ɗaki da madafa

Harunobu ne ya fara nuna cewa kayan ɗaki ma sun isa a zana su. Tun da daɗewa masu zane na Sin da Japan suna da wurare takwas na ƙawa da suke maimaitawa: ƙararrawar gidan ibada da almuru, watan kaka a kan ruwa, jiragen ruwa suna komowa, dusar ƙanƙara da yamma, da sauransu. Wajen 1766 Harunobu ya shigo da takwas ɗin nan cikin ɗaki. Agogo ya tsaya a madadin ƙararrawa, madubin kwalliya a madadin wata, tawul da iska ke kaɗawa a madadin ƙyallen jirgin ruwa, fitila a madadin jan rana, farin alharini da ake shanyawa a madadin dusar ƙanƙara. Mai saye ya duba ya ga kayan ɗakin matarsa ne aka ba darajar da a da sai duwatsu da koguna. Harunobu ya mutu a 1770, amma ƙofar da ya buɗe ba ta sake rufuwa ba.

Utamaro ne ya shiga ta ƙofar har ƙurya. Mai jarinsa, Tsutaya Juzaburo, mutum ne mai idon gane gwani, shi ma ya ɗanɗana fushin hukuma a 1791 sa'ad da aka ci shi tara mai nauyi saboda wasu littattafai da ya buga. Wajen 1795 Utamaro ya zana madafa a falle biyu. Mata huɗu ne a ciki. Ɗaya ta durƙusa tana hura wuta da bututun gora, kumatunta a kumbure. Ta kusa da ita na riƙe da ludayi, ta kau da kai ta runtse ido saboda hayaƙi. Ta uku tana feraye gauta irin tasu. Ta huɗu tana goge kwano, yaro ya maƙale mata a kafaɗa. Babu wadda ta san ana kallonta, babu wadda ta yi ado. Duk macen da ta taɓa fama da ɗanyen itace za ta gane wannan runtse ido tun kafin a yi mata bayani.

A wani hoton na ɗinki mai falle uku, wata ta ɗaga yadi shara-shara tana duba shi a haske, ana hango fuskarta ta cikinsa, wanda ba ƙaramin gwaninta ba ne ga mai bugu. A ƙasa yaro ya kafa wa kyanwa madubi, ita kuwa ta gantsare baya tana shirin faɗa da inuwarta. Ya kuma yi jeri na falle 12 a kan yadda mata ke kiwon tsutsar alharini, tun daga ƙwai har zuwa saƙa. Kafin wannan, a 1788, ya fitar da littafin ƙwari da ƙananan halittu, inda ya zana fara da gyare da malam-buɗe-littafi da kwaɗo da ƙadangare a jikin ganyen da suke rayuwa, da ido irin na wanda ya daɗe a tsugune yana kallo.

Gaskiya ce a faɗa cewa ba duk hotunan nan ne na kirki ba. Kaso mai yawa na 'yan wasan kwaikwayo ne da matan unguwar Yoshiwara, waɗanda galibinsu talauci ne ya sa iyaye suka miƙa su tun suna ƙanana, hotunan kuwa suna ɓoye wahalarsu a bayan kwalliya. Akwai ma na batsa. Amma a cikin wannan tari ne aka adana yadda ake wanki, da yadda ake yi wa yaro aski, da yadda ake kafa gidan sauro.

Raƙumi ya zama abin kallo

Dabba tana ko'ina a rayuwar Edo. Shogun na biyar, Tsunayoshi, wanda ya yi mulki daga 1680 zuwa 1709, ya kafa dokokin tausaya wa dabbobi masu tsanani, har a 1695 aka gina wa dubban karnuka matsuguni a Nakano. Doki ke ɗaukar kaya a hanyoyi, sa ke jan amalanke, masu hali suna kiwon tsuntsaye masu daɗin kuka da kifin ado.

Baƙuwar dabba kuwa kasuwa ce. A 1821 'yan Holan suka sauke raƙuma biyu, namiji da mace, a Nagasaki. Aka yi ta yawo da su gari-gari har suka iso Edo a 1824, jama'a suka yi dafifi a unguwar Ryogoku suna biyan kuɗi su gani. Masu ɗab'i suka buga hotunansu da bayanin tsawonsu da abincinsu, har da camfin cewa suna kare mutum daga cuta. A wannan shekarar ce Bature Clapperton ya iso Kano, inda raƙumi ke durƙushe a bakin kasuwar Kurmi ba mai ɗaga kai ya dube shi. Da hoton ne mutumin ƙauyen Japan da bai taɓa zuwa Edo ba ya san siffar raƙumi.

Katsushika Hokusai, wanda aka haifa a 1760 ya mutu a 1849, duniya ta fi saninsa da hoton babbar igiyar ruwa da ya fito wajen 1831. Amma tun 1814 ya fara fitar da littattafan zane da suka kai juzu'i 15, na ƙarshe ya fito bayan mutuwarsa. A ciki akwai dubban ƙananan zane: masu ƙiba suna wanka, makafi, masunta, ɓeraye, dawaki, kaji, kifaye. Ko a jerin hotunansa na Dutsen Fuji, sau da yawa dutsen yana can nesa, a gaba kuwa mai haɗa ganga ne ko masu tsaga katako. A ƙarshen rayuwarsa 'yarsa Oi, wadda ita ma gwana ce, ita ke zaune da shi tana taya shi aiki.

Utagawa Hiroshige, ɗan wani jami'in kashe gobara, ya yi suna wajen 1833 da zanen zango 53 na hanyar Tokaido mai haɗa Edo da Kiyoto. A falle na farko, ayarin hakimi yana hawa gadar Nihonbashi da asuba, masu tallar kifi suna kaucewa, ga karnuka biyu a gefe sun juya baya. A jerinsa na ƙarshe, na wuraren Edo, wanda ya fara a 1856, akwai hoto na 1857 da ya cancanci a tsaya a kansa. Farar kyanwa mai guntun wutsiya tana zaune a bakin taga mai sanduna, ta ba mu baya. Ta tagar ana hango gonakin shinkafa na Asakusa, da jerin mutane ƙanana suna tafiya wajen biki, da tsuntsaye a sama, da Fuji cikin jan almuru. A cikin ɗakin akwai kwano da tawul a kan taga, da tsinken gashi na ado a ƙasa. Mai ɗakin ba ta fito ba. Ɗakin na Yoshiwara ne, inda mace ba ta fita sai da izini, don haka masu nazari da yawa suke ganin kyanwar ce ta tsaya a madadinta. Hiroshige ya mutu a 1858, lokacin annobar kwalara.

Ranar da kyanwa ta ari bakin mutane

Kyanwa ba don ado kaɗai ake ajiye ta ba. Ɓera ne abokin gaban shinkafa da littafi da tsutsar alharini. A yankunan da ake kiwon tsutsar, kyanwa mai farauta tana da tsada, wanda bai samu ba sai ya manna hotonta a bango. Utagawa Kuniyoshi ya buga irin wannan hoto: kyanwa da ƙararrawa a wuya ta ɗaga kai tana duban rufi, da rubutun da ke cewa ɓera zai ji tsoronta.

Kuniyoshi ɗan marini ne, ya yi suna wajen 1827 da zanen jarumai, ya mutu a 1861. Son kyanwa ya yi masa yawa. Almajirinsa Kawanabe Kyosai, a littafin da ya fitar a 1887, ya zana ɗakin aikin malaminsa: malam yana koyarwa da kyanwa a cikin rigarsa, wasu suna kwance a tsakanin almajirai.

A 1842 babban waziri Mizuno Tadakuni, a ƙarƙashin gyaran da ya ce zai dawo da tsimi da tarbiyya, ya hana buga hoton 'yan wasan kwaikwayo da matan shaƙatawa. Aka ƙayyade yawan launuka, aka ce kada falle ya wuce mon 16, wato kuɗin kwanon taliya. Wannan ya taɓa tuwon masu sana'ar kai tsaye. Amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kuniyoshi ya ƙara dulmuya cikin zanen dabbobi masu halin mutane. Kyanwoyi suka sa tufafi suna wasan kwaikwayo, kowa kuma ya gane fuskar ɗan wasan da ake nufi. Kifayen ado suka tashi tsaye suna shan biki. A 1846 ya zana unguwar shaƙatawa cike da gwarare maimakon mutane. Ya lanƙwasa kyanwoyi suka zama haruffa masu rubuta sunayen kifaye, ya kuma mai da zangunan Tokaido kyanwoyi, kowace tana yin abin da sunansa ya yi kama da sunan zangon. Doka ta hana mutum, ba ta ambaci mage ba.

Ranar 11 ga Nuwamba 1855 girgizar ƙasa ta afka wa Edo, ta kashe dubban mutane, gobara ta biyo baya. A camfin mutanen lokacin, wata ƙatuwar tarwaɗa ce a ƙarƙashin ƙasa ke motsi. Cikin 'yan kwanaki hotunan tarwaɗa suka cika gari, iri ɗari-ɗari, babu sunan mai zane, babu hatimin hukuma. A wasu, waɗanda suka yi asara suna jibgar tarwaɗar. A wasu, kafintoci da magina da aiki ya buɗe musu suna yi mata liyafa. A wasu kuma tana matsa wa attajirai su amayar da zinariya, talakawa na tsinta. Bayan kimanin wata biyu hukuma ta hana. Wanda yake son sanin abin da ke zuciyar talakan Edo a shekarun ƙarshe na mulkin Tokugawa, a jikin wannan kifi zai karanta shi.

Faɗuwa a gida, tashi a waje

A 1853 jiragen yaƙin Amurka ƙarƙashin Perry suka iso, a 1854 suka tilasta wa Japan buɗe ƙofa, a 1868 mulkin shogun ya faɗi. Kyamara da injin ɗab'i da jarida suka shigo, kasuwar allon katako ta fara ja da baya. Tsukioka Yoshitoshi, almajirin Kuniyoshi da ya mutu a 1892, shi ake ɗauka na ƙarshe a manyan gwanayen tsohon salo.

A daidai lokacin da 'yan gida suke ganin hotunan tsohon yayi ne, Turawa suka ruɗe a kansu, musamman bayan baje kolin Faris na 1867. Mai zane Monet ya tara fiye da 200 a gidansa. Takwaransa Van Gogh ya kwaikwayi hotunan Hiroshige da fenti a 1887. Mary Cassatt, Ba'amurkiya mazauniyar Faris, ta ga baje kolinsu a 1890, ta koma ta yi nata jerin guda goma na mata suna wanka da yi wa yaro wanka da rubuta wasiƙa. Aka yi ta kwasar hotunan da araha, shi ya sa yau wasu daga cikin manyan taskokinsu suke Boston da Landan. A farkon ƙarni na 20 mai jari Watanabe Shozaburo ya farfaɗo da sana'ar, mai zane Ohara Koson ya yi suna da zanen tsuntsaye, har yanzu kuma akwai masassaƙa da masu bugu a Tokiyo da Kiyoto. A 2024 Japan ta saka igiyar ruwan Hokusai a sabuwar takardar kuɗinta ta yen 1,000.

Namu kundin

Mu ma muna da ido da hannu. A duwatsun Birnin Kudu akwai zanen shanu na mutanen da, cikinsu har da marasa tozo, irin da yau ba a kiwonsu a wannan yanki. Ba don zanen ba da ba mu gan su ba. Bayan Musulunci ya kafu, malamai suka yi magana a kan surar abu mai rai, sai gwanintarmu ta karkata ga zayyana, da dagi, da aska takwas a gaban riga, da zanen ƙwarya, da adon bangon gidajen Zariya da Kano, inda magina suka riƙa saka takobi da agogo da keke. Dabbobinmu masu magana kuwa, gizo da ƙoƙi da kura da dila, a bakin kakanni suka zauna, a tatsuniya. Wannan hanya ce mai mutunci, ba na kuma kiran kowa ya tsallake abin da malamansa suka karantar da shi.

Amma a duba abin da aka rubuta game da yankinmu. Littafin tarihin Kano ya jero sarakuna tun daga Bagauda. An san Clapperton ya ratsa Bebeji a 1826, an san a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, an san sojan Ingila sun fasa ƙofar garin a farkon Fabrairun 1903 a hanyarsu ta zuwa Kano. An san kuzar Riruwai da dajin Falgore, an san an kammala madatsar Tiga a 1974. To yaya tsakar gidan ƙauyukan da ruwan Tiga ya tasa take? Wane irin rumbu suke ginawa, ina ake kafa turke, wace waƙa ake yi a bakin dutsen niƙa? Abu mafi kusa da amsa da muke da shi ya fito ne daga bakin mace ɗaya, Baba ta Karo, wadda ta tashi a kudu maso yammacin ƙasar Kano. Mary Smith ta rubuta labarinta a 1949 da 1950, aka buga a 1954. Saboda tsohuwa ɗaya ta samu mai sauraro, duniya ta san yadda ake aure da goyo da ƙawance da girki a karkarar Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa.

Abin da mutanen Edo suka yi da wuƙa da katako, yau ana iya yin sa da biro da wayar hannu. Bulo yana cinye ginin ƙasa, injin niƙa ya kori dutse, roba ta kori ƙwarya, babur ya rage wa jaki aiki, waɗanda suka san yadda abin yake kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ina kira ga malaman makaranta da ɗalibai na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa: ku zauna da tsofaffin gidajenku, musamman mata, ku naɗi muryarsu da izininsu. Ku ɗauki hoton rumbu da akurki da murhu da turmi da mangala, ku rubuta sunan kowane abu da amfaninsa, da sunan gari da shekara. Ku ajiye kwafi a makarantarku, ku kai wani gidan tarihi na Gidan Makama ko sashen tarihi na Jami'ar Bayero. Aikin ba ya buƙatar jari mai yawa, kuma wanda bai yi shi a bana ba, mai yiwuwa baɗi ba zai tarar da mai ba shi labarin ba.